Baba ya haura tamanin, zanensa cike da ɗaki a Agege: ta ina za a fara?

Wata 'yar'uwa daga Agege ta aiko da tambaya. Mahaifinta ya haura shekara tamanin, ya yi karatun zane a Zariya, ya koyar a makarantun sakandare na Legas har ya yi ritaya. Tun yana saurayi irin zanen nan yake yi wanda ba a ganin mutum ko dabba ko gida a ciki, sai launi da layi. Akwai zane wajen ɗari biyu jibge a ɗakin baya, wasu har sun fara fumfuna. Kwanan nan kuma ya ɗauko zancen asalin gidansu, yana so a gano garin da kakansa ya baro kafin ya zo Kurmi fataucin goro. Tana tambaya ta ina za ta fara, kuma wanne za ta gabatar, zanen ko asalin.

Hajiya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ki fara da bakinsa. Takardun da ke gidan adana tarihi na Kaduna sun yi shekaru aru-aru suna jira, za su ƙara jiran wata shida. Zanen kuma, da zarar an ɗaga su daga ƙasa an ba su iska, ɓarnar za ta lafa. Abin da ba shi da kwafi a ko'ina shi ne abin da ke kan Baba. Kuma kada ki raba aikin gida biyu. Mai zane yana tuna rayuwarsa ne ta hanyar aikinsa: ki ajiye masa zane ɗaya a gaba, zai gaya miki gidan hayar da yake zaune lokacin da ya yi shi, da wanda aka haifa a shekarar, da wanda ya rasu. Tarihin gidanku zai riƙa fitowa ta nan ba tare da kin matsa masa ba.

Yini ɗaya kawai za ki ware kafin hirar, na ceto. A samu bulo ko katako a ɗaga duk zanen daga siminti kamar santimita 15, a janye su daga jikin bango kamar santimita 10, musamman bangon da ruwan sama ke duka ta waje ko wanda ke manne da banɗaki. Duk wanda aka naɗe da leda a cire masa ita. Masu fumfuna a ware su wani wuri dabam. Shi ke nan na ranar, kada a goge komai tukuna.

Hirar kuwa, da safe ta fi, bayan karin kumallo, kafin zafi ya taso. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa, tsoho yana gajiya ko da bai nuna ba, kuma in ya gaji sai ya riƙa amsa miki da abin da yake ganin kina son ji. Wayarki ta isa ɗaukar murya. Ki kashe mata layi don kada kira ya katse, ki ɗora ta a kan ninkakken yadi kusa da shi, a kashe fanka, kada a yi lokacin da janareto ke kunne. Farkon kowane ɗauka ki faɗi ranar, da wurin, da sunan waɗanda ke zaune. Zane biyar ko shida a zama ɗaya, ba ƙari.

Tambayar farko a kan kowane zane, wadda kusan kowa ke mantawa: ina ne sama? Zanen da babu siffar komai a ciki ba ya gaya wa mutum kansa da ƙafarsa. In akwai sa hannu, yakan taimaka, amma masu irin wannan zane da yawa a baya suke sa hannu, wasu kuma sukan juya aikin bayan sun sa. An sha rataye irinsa a kife a manyan gidajen tarihi na duniya ba a gane ba. Baba yana faɗa, ki ɗauki fensir ki zana kibiya a jikin katakon baya. A katako, ba a ƙyallen ba, kuma fensir, ba maka ko biro ba, domin tawadarsu tana ratsa ƙyalle ta ɓullo ta fuska bayan 'yan shekaru.

Kada ki tambaye shi ma'anar zanen. Tambaya ce da ya sha ji daga mutanen da ke ganin aikin wasa ne, ko ya yi dariya ko ya yi shiru. Ki tambaye shi da wane launi ya fara, me ke ƙarƙashin wannan shuɗin, da buroshi ya yi ko da wuƙar fenti ko zubawa ya yi yana karkata allon, ina ya sayi fentin, kwana nawa ya ɗauka, ko yana da 'yan'uwa da aka yi tare, wa ya fara gani, an taɓa kai shi baje koli ko tun da aka gama yana ɗaki. Ma'anar da kike nema a cikin waɗannan amsoshin za ta zo.

Akwai kuma matsalar kunya, wadda littattafan koyon hira na Turawa ba su san da ita ba. Akwai abin da uba ba zai faɗa wa 'yarsa ba, balle in ke ce 'yar fari. Auren da ya mutu, rigimarsa da mahaifinsa a kan barin kasuwa ya tafi koyon fenti, shekarun da babu. Ki sa jika mai hankali ya yi wasu daga cikin hirarrakin, wasan jika da kaka yana buɗe ƙofar da ke ba za ki iya taɓawa ba. In yana da taubashi ko abokin makaranta da ke raye, a haɗa su zama ɗaya a bar waya tana ɗauka. Gardamarsu a kan shekara ko sunan malami ta fi tambaya ashirin amfani.

Don ki fahimci abin da zai riƙa ambata, ga ɗan shimfiɗa. Sashen koyar da zane ya koma Zariya daga Ibadan a 1955, a ƙarƙashin kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta yi suna wajen cewa a ɗauki dabarar Turawa a haɗa da zanen gida. Mutum mai shekarun Baba bayansu ya zo, amma a inuwarsu ya yi karatu. Grillo, ɗan Legas ne, ya daɗe yana shugabantar sashen zane na kwalejin fasaha ta Yaba, ya rasu a 2021, kuma da wuya malamin zane ya yi aiki a Legas a waɗancan shekarun bai yi hulɗa da Yaba ba. A Zariya kuma Gani Odutokun, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995, shi ne sunan da ke fara zuwa baki in ana zancen zane marar siffa, da fentinsa da yake tsinkawa ya zuba ya bar shi ya gangara. Ki tambayi Baba su wa ya tarar, su wa ya bari, kuma ina yake lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas a farkon 1977.

Mutane za su ce miki ai don addini ya guje wa zana mai rai. Zai yiwu, amma kada ki rubuta haka sai shi ya faɗa da bakinsa. Bahaushe ya san ado marar siffa tun kafin a buɗe makarantar zane: dagi da zanen bangon gidajen Zariya da Kano, aska takwas a wuyan babbar riga, zayyanar allon sauka, zanen ƙwarya, aikin dukawa. Wanda ya yi shekara huɗu yana ratsa birnin Zariya ya ga waɗannan kullum. Ki tambaye shi sana'ar mahaifiyarsa da ta kakanninsa. In aka samu maɗinki ko magini ko mai rubutun allo a gidan, kin ga inda bincike biyun suka haɗu.

Sai rajista. Kowane aiki a ba shi lamba tasa wadda ba za a sake ba wani ba, ko da an sayar da shi ko ya lalace: haruffan farko na sunan Baba, sai 001, 002, a tafi a haka yadda suka zo hannu. Kada ki ce sai kin jera su bisa shekara, za ki gano wasu daga baya lissafin ya rushe. A littafi mai kauri, shafi ɗaya ga kowane zane, ki rubuta sunan da ya ba shi in akwai, shekara, irin fenti da abin da aka yi a kai, tsawo sannan faɗi da santimita ba tare da firam ba, inda sa hannu yake, duk rubutu ko tambari ko takardar da ke manne a baya harafi da harafi, lafiyar aikin a ranar, da ranar hirar da aka yi zancensa. Daga baya a kwafe a kwamfuta, amma littafin ya zauna.

Wajen shekara ne ake yin ɓarna. In an rubuta a jikin zanen, ki rubuta yadda take. In Baba ne ya tuna, ki rubuta «wajen 1978, in ji Baba», da ranar da ya faɗa. In babu ko ɗaya, ki bar gurbin. Abubuwan da ke baya suna taimakawa: farashi da fam da sule yana nuna kafin Janairun 1973 da aka fara naira, tsohuwar jaridar da aka cusa a bayan firam tana da kwanan wata, tambarin shagon da ya yi firam ɗin yana da adireshi. Kuma in akwai tsofaffin ayyukan da bai sa wa hannu ba, kada a ba shi buroshi yanzu a ce ya sa hannu ya rubuta 1975. Fentin yau a kan na shekara hamsin masana suna gane shi, daga nan sai a fara shakkar na gaskiyar ma. In zai sa, ya sa a baya, ya rubuta cewa an yi a shekara kaza, an sa hannu a shekara kaza.

Yanzu maganar fumfuna da sauran maƙiyan zane a Legas. Fumfuna tana tashi ne in danshin iska ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, Legas kuwa a Yuni da Yuli tana wuce 80 ba wuya. Ki sayi 'yar na'urar auna danshi a kasuwar kayan lantarki ki rataye a ɗakin, ki riƙa duba ta safe da yamma mako biyu, za ki san halin ɗakin. Abin da ake so shi ne tsakanin 45 da 60, amma a gidan da wuta ke zuwa ta ɗauke, iskar da ke zagayawa ta fi na'urar sanyaya ɗaki. In aka kunna ta ɗakin ya bushe, wuta ta ɗauke ya sake jiƙa, ƙyallen yana miƙewa yana tsukewa kullum, fentin da ya tsufa ba ya iya bin sa, sai ya tsattsage. Gara fanka da taga mai raga, a buɗe da rana in gari ya washe, a rufe in hadari ya haɗo.

Wanda ya riga ya yi fumfuna, a fitar da shi inuwa mai iska ya bushe kwana biyu ko uku. Ba rana ba. Fumfunar da ke da danshi in aka goge ta shafewa take ta shige cikin fenti. In ta bushe ta zama gari, mai aikin ya rufe hanci da baki, ya ɗauki buroshi mai laushi sosai, irin na kwalliyar fuska sabo, ya riƙa kaɗewa a hankali daga sama zuwa ƙasa, a waje, nesa da Baba. A fara da baya, can ta fi yawa. Tabon da ya rage a bar shi. Ruwa, sabulu, kananzir, fetur, man gyaɗa, albasa, duk abin da maƙwabci zai ce yana sa zane ya yi ƙyalli, kada ko ɗaya ya taɓa shi. Kafin buroshi ma, ki haska tocila daga gefe ki duba: in fentin ya ɗago kamar ɓawon kifi, kada a kaɗe, kada a tsayar da shi. A kwantar da shi fuska sama, ɓarɓashin da ya zube a tara a ambulan a rubuta lambar zanen, a jira mai gyara na gaske. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan ko sashen zane na Yaba za a iya nuna miki wanda ya iya. Kada kuma a bar Baba ya ce zai gyara da kansa. Mai zane ba ya gyara tsohon aikinsa, sabo yake yi a kai.

A sa kafinta ya yi maratayi mai rami-rami kamar na faranti, kowane rami ya ɗauki huɗu ko biyar a tsaye. A jera su fuska da fuska, baya da baya, da kwali mai tsabta wanda ya fi su girma a tsakani, don ƙusa ko wayar ratayen wani kada ta huda fuskar wani. Kada ƙarami ya jingina a tsakiyar ƙyallen babba, zai bar masa kumburi. Fentin akirilik, wato mai kama da roba wanda ake tsinkawa da ruwa, yana laushi da zafi, yana manne wa duk abin da ya taɓa shi, ledar nan mai ƙurajen iska ma tana barin tambarinta a kai har abada. Wanda aka cire daga katako dole sai an naɗe, to a naɗe shi a kan bututu mai faɗin santimita 15 ko fiye, fentin yana waje. Mutane suna naɗewa fenti a ciki don suna ganin kariya ce, alhali matse shi suke, ranar da aka warware sai ya karye. A rufe da farin yadi wankakke.

In kin ga ƙyalle ya saki da damina, kada a ja shi. Hunturu na zuwa a Disamba zai tsuke da kansa, wanda aka ja kuwa yana iya yagewa ta kusurwa. Waɗanda aka yi a kan falanki su ne danshi ya fi kumbura wa gefe, su a fara ɗagawa. Garin katako mai kama da fulawa a ƙasan firam alamar ƙwaro ne a ciki, hanyar ƙasa a jikin bango kuma gara ce. A ware wanda ya kamu, a canza masa katako, amma a ɗauki hoton tsohon kuma a ajiye duk guntun da ke da rubutu. Fiya-fiya da sauran maganin feshi a ƙasa da lungu za a sa bayan an fitar da zanen. Hayaƙin janareto, na girki, har da turaren wuta, duk suna kwanciya a fuskar zane su dushe shi, a nisanta ɗakin da su.

Ayyukan takarda da littattafan gwajin hannunsa kada a raina su, sau da yawa su ne ke ɗauke da kwanan wata, da lissafin kuɗin fenti, da sunayen mutane. A cire musu ƙarfen maƙala da roba, a kwantar da su a kwali mai murfi da farar takarda a tsakani. Kada a liƙa da salatif, kada kuma a kai su a yi musu laminatin. Wannan ya shafi takardun gida ma, shaidar makaranta da wasiƙu: abin da aka narka wa leda ba ya komawa yadda yake.

Hoto kuma, a inuwa mai haske da safe, ba filasha. Zanen a tsaye daidai, wayar a kan abin da ba ya motsi, tana kallon tsakiyarsa, a ja baya kaɗan don gefuna kada su lanƙwashe. A sa farar takarda da lambar aikin a gefe. Hoton fuska, hoton baya, hoton sa hannu daga kusa. A ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gida dabam, kuma kada a tura ta WhatsApp a matsayin hoto domin yana rage ingancinsa.

Mu koma kan kaka. In an haifi Baba a shekarun 1940, ki ba kowane tsatso na maza shekara 30 zuwa 35, za ki ga mahaifinsa wajen 1910, kakansa kuma wajen 1880. Wannan ya dace da labarin goro. Tsofaffin fatake Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, suke zuwa da jakuna, amma da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, kuma goro ya yawaita a gonakin ƙasar Yarabawa, sai harkar ta karkato kudu, Agege da tasharta ta zama zango. Abu na farko da za ki nema shi ne ko gidanku yana cikin zuriyoyin da aka sani da goro: Agalawa, waɗanda Alhassan Ɗantata ya fito cikinsu, da Tokarawa, da Kambarin Barebari na wajen Gummi. In ɗaya ne daga cikinsu, kin rage nisan tafiya. Amma ki bar ƙofa a buɗe, ba duk Bahaushen Ikko goro ya kawo ba. Akwai zuriyar sojojin da Glover, Baturen mulkin Legas, ya fara ɗauka a 1863, waɗanda tarihin unguwar Obalende ke haɗe da su, akwai 'yan shanu, akwai ma'aikatan jirgin ƙasa, akwai malaman da suka biyo fatake. Gida yakan riƙe labarin da ya fi daɗin faɗa.

Matan gidan su ne rumbun. Gwaggo ko inna mafi tsufa ta san wa ya auri wa, wace ce uwar wane, wa aka ba riƙo. A yi mata hira ita kaɗai, ba a gaban maza ba. Ki tambayi kirarin gidan ko taken da maroƙa ke yi musu a biki, domin sunan gari da na kakanni suna maƙalewa a ciki bayan kowa ya manta. Ki tambayi tsagar fuskar kaka, guda nawa, a ina, in akwai tsohon hoto a nuna wa tsohon wanzami. Ki tambayi sunan maigidan da kaka ya sauka a wurinsa, domin fatake wurin mutumin garinsu suke sauka, kuma zuriyar masu masaukin nan suna Agege har yau. Fadar Sarkin Hausawa da dattawan masallacin unguwa za su haɗa ki da su, a je da namiji babba na gidan da ɗan abin gaisuwa.

Suna zai ba ki wahala. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a wurin suna, Ɗanjuma a gida, Baban wane a bakin matarsa, ya kuma zama Momodu a takardar da akawun Legas ya rubuta, kamar yadda Ibrahim ke komawa Buraimo. Sunan gari da ke bayan sunan mutum ba lallai can aka haife shi ba, yana iya zama inda ya yi makaranta ko inda ya yi zango ya daɗe. Wanda ake kira uba kuma yana iya zama kawu ko baffa da ya riƙe shi. Kowane mutum ki ba shi kati ɗaya, ki jera duk sunayensa, ki rubuta sunan uwarsa, don 'yan uba su rarrabu.

Shekarun haihuwa da na rasuwa da abin da ya faru ake kamo su. Zuwan Sarauniya 1956, rasuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero 1953, rasuwar Sarkin Zazzau Ja'afaru 1959, kisan Sardauna Janairun 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, kisan Murtala Fabrairun 1976. Ki ce kafin ko bayan, goye ake da shi ko yana gudu. A duba bangon Alƙur'anin gidan da littattafan kaka, malamai sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a can. In shekarar Hijira ce, ki ninka ta da 0.97 ki ƙara 622: 1365 za ta ba ki 1946, da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ba. Tsohon fasfon aikin Hajji, rasiɗin haraji, takardar sayen fili, fayil ɗin fanshon Baba, duk suna ɗauke da sunan uba da garin asali.

Sai kin samu sunan gari ko gunduma sannan tafiya gidan adana takardu za ta yi amfani. Na Arewa suna Kaduna, an jera su bisa larduna, na Legas ta zamanin Turawa kuma suna Ibadan, cikin harabar jami'a. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai hukumar tarihi da al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa. Kada ki sa rai da yawa. Rahotannin jami'an mulki suna ba da tarihin gari, da jerin dagatai, da sana'o'i, da yawan masu biyan haraji, amma talaka ba ya shiga da sunansa sai in ya yi shari'a, ko ya riƙe sarauta, ko ya yi aikin gwamnati, ko ya yi rikicin fili. Abin da za ki samu shi ne tabbacin cewa labarin gidan ya dace da zamanin ko bai dace ba. Ziyarar garin kansa, da kirarin a baki da sunan maigidan, ta fi sau da yawa. Ki kuma shirya jin abin da ba a so: bauta, gudun haraji, rigimar sarauta. A yi shawara da Baba tun yanzu a kan abin da za a buga da abin da zai tsaya a cikin gida. Gwajin jini na asali da ake talla a intanet ba zai ba ki sunan gari ba.

Ta ɓangaren aikin Baba, a nemi fayil ɗinsa na ɗalibta a Zariya, a duba tsofaffin Daily Times da New Nigerian da mujallar Nigeria Magazine a ɗakin karatu na ƙasa da ke Yaba, da shafin Archivi.ng da ke sa tsofaffin jaridu a intanet. Cibiyar zanen zamani da marigayiya Bisi Silva ta kafa a Yaba a 2007 tana da ɗakin karatu mai tarin ƙasidun baje koli. Tsofaffin ɗalibansa kuma su ne za su gaya miki inda zanen da ya kyautar suke. Duk abin da aka samu a zuba shi a jadawali ɗaya mai gida uku, shekara bayan shekara: abin da ya faru a gida, inda yake aiki, da abin da ya zana. Nan za ki ga, misali, ko shekarun da launinsa ya yi duhu sun zo daidai da wata rasuwa, ko kuwa fentin waje ne kawai ya yi tsada a lokacin.

Da labari ya fita dillalai za su zo, musamman tun da zanen Tutu na mai zanen Najeriya Ben Enwonwu ya haura fam miliyan ɗaya a Landan a 2018 kowa ya farga. Kada a sayar da ko ɗaya sai an gama rajista da hoto, kada kuma a sayar da ɗakin a dunƙule. Baba ya zaɓi goma sha biyar ko ashirin daga kowane zamani na aikinsa waɗanda ba za a raba ba. Wanda za a ba gidan baje koli ya tafi da takarda mai lambarsa, da farashi, da kason gidan, da ranar dawowa. Sayar da zane ba ya sayar da haƙƙin buga hotonsa, wannan yana hannun mai zanen, kuma a dokar Najeriya yana zama na magada har shekara 70 bayan rasuwarsa. Zanen kansu dukiya ce da za ta shiga gado. In Baba yana so wasu su je wata makaranta ko gidan tarihi, ko dai ya bayar yanzu a karɓa a gaban shaidu, ko ya yi wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. A kira malamin da ya san rabon gado ya zauna da shi da 'ya'yan duka, a rubuta da lambobin da ke cikin littafin, kowa ya sa hannu.